5-4 ba abin kunya ba ne, kashe kofin ne abin kunya

Wanda ya ce wasan ƙarshe na Kofin Lancashire na 1992 a Ingila, wanda Wigan ta ci St Helens 5-4, shi ne hujjar cewa gasar ta cancanci a binne ta, to wallahi bai san zari-ruga ba, maki kawai yake karantawa. Kun dai ji shi da kunnenku jiya a wurin walima, yana ta ɗaga murya wai minti 80 babu wanda ya dire ƙwallo a bayan layi ko sau ɗaya, wai gara da aka soke abin kowa ya huta. Na yi shiru a wurin saboda akwai manya. Nan kuwa shafina ne.

Sannu masani. Allah ya ƙara basira. Wato mutum sama da dubu 20 da suka cika Knowsley Road, filin St Helens, ranar 18 ga Oktoban 1992 duk ba su da aikin yi, sai kai da ka ga ɗan guntun bidiyo a waya kana cin shinkafa.

Wigan 5, St Helens 4. Frano Botica, ɗan New Zealand, shi ya ci wa Wigan dukkan makin: bugu biyu masu maki bibbiyu, da wanda ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗaga ta tsakanin sanduna, mai maki 1. Wannan maki ɗayan shi ya raba gardama. Yanzu ku duba waɗanda aka hana tsallake layi ranar. Martin Offiah yana fili, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan, wanda Wigan ta saya daga Widnes a farkon shekarar kan fam dubu 440, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasan zari-ruga ba a lokacin. Aikinsa kenan gudu da dire ƙwallo. Shaun Edwards, wani tauraron Wigan, yana nan. Wigan ɗin da ta ɗauki Kofin Challenge, babban kofin ƙasar, sau 8 a jere daga 1988 zuwa 1995 ce aka tsare wa ƙofa har aka tashi. A wannan wasa mai mutum goma sha uku a kowane ɓangare, kayarwa shida ake ba ka kafin ƙwallo ta koma hannun abokin karawa. Sai ka yi tunanin ƙarti suna ta afka wa juna a sanyin Oktoba, a kayar da kai, ka tashi, ka ja baya ka sake jera layi, haka har minti 80, kuma ba wanda ya bar kafa. Wanda ya san dambe ya san akwai turmi ukun da ake tashi ba kisa amma ya fi kisa goma daɗin kallo. To shi ne wannan.

Kuma ko da wasan ya yi muni, wanda bai yi ba, tun yaushe ake soke gasar da aka fara a 1905 saboda yammaci ɗaya? Ai wasan ƙarshe na farko ma, Wigan da Leigh, canjaras aka tashi babu ko maki, sai da aka sake bugawa Wigan ta ci 8-0. Ba wanda ya ce a rufe shago. Aka ci gaba har kusan shekara 90.

Kofin nan kashe shi aka yi, ba mutuwa ya yi ba. Ku riƙe wannan.

Za su ce wasanni sun yi wa 'yan wasa yawa. Na ji. Kwana 6 bayan wancan wasa aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na zari-ruga a Wembley, Ostareliya ta doke Birtaniya 10-6, sannan ranar 30 ga wata Wigan ta kara da Brisbane Broncos ta Ostareliya, ta sha kashi 22-8. Gaskiya ne, 'yan Wigan sun jigata. Amma wa ya jigata? Wigan. Wasanni sun yi wa Wigan yawa ne saboda ita ke kai wa ƙarshe a komai. Shin Rochdale ta taɓa kukan kofuna sun yi mata yawa? Swinton fa? Ciwon kan mai kuɗi aka yi wa magani da yanke ƙafar talaka. Kuma da aka tashi rage kaya a 1993, an bar gasar Regal Trophy mai ɗauke da sunan sigari, an bar gasar Premiership ta ƙarshen kaka, sai kofunan gundumomi biyu, na Lancashire da na Yorkshire, su ne suka zama nauyi. Shugaban gudanarwar hukumar wasan a lokacin Maurice Lindsay ne, wanda daga shugabancin Wigan ya hau kujerar a 1992. Ni dai ban ce komai ba.

Wani zai ce ai Wigan ce ke cinyewa kullum, sau 21 ta ɗauka, ina amfanin gasar da aka san mai ita? Haba malam. Je ka duba. 1989 Warrington ce, ta doke Oldham. 1990 Widnes ce, ta doke Salford. 1991 St Helens ce, kuma Rochdale Hornets ta samu a wasan ƙarshe, aka tashi 24-14. Koma baya kaɗan: Workington Town ta doke Wigan ɗin kanta 16-13 a 1977, Barrow kuma tana rukuni na biyu ta lallasa Widnes 12-8 a 1983. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, wasa uku ko huɗu ka kai ƙarshe, a farkon kaka kafin manya su gama ɗaura ɗamara. Ita ce kaɗai ƙofar da ƙaramin gari zai iya kutsawa ya fito da azurfa a hannu. Ita aka toshe.

A ranar nan dai, a ɗaya gefen tsaunukan Pennines, Wakefield Trinity ta doke Sheffield Eagles 29-16 a Elland Road ta ɗauki Kofin Yorkshire na ƙarshe. Ga maki nan birjik, tunda maki kuke so. An bar shi? Shi ma an soke. To ashe ba 5-4 ba ce matsalar.

Bari in ajiye ba'a in faɗi abin da ke cina. Waɗannan garuruwa ne na masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa da masu narka gilashi. Wasan kansa an haife shi ne a 1895 a otal ɗin George da ke Huddersfield, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar saboda an hana a biya lebura kuɗin aikin da ya rasa ranar Asabar don ya buga wasa. Tsakanin Wigan da St Helens bai kai mil goma ba. Wanda ka doka yau, gobe da safe kuna layi ɗaya a bakin masana'anta, kuma zai ji daga gare ka har shekara ta zagayo. Akwai wani dattijo maƙwabcina, hannunsa duk tabon aiki, har yanzu takardar shirin wasan 1992 tana cikin leda a aljihun tebur ɗinsa, gefenta ya yi ja. Ɗan St Helens ne, su aka ci, amma ya adana. Ka je ka gaya masa wasan bai yi armashi ba.

Bayan shekara uku kuɗin Rupert Murdoch, attajirin kafafen yaɗa labarai, suka shigo, aka kafa gasar manya ta Super League a 1996, aka mayar da wasa lokacin zafi. Regal Trophy ɗin da aka fifita ita ma ta bi sahu. Kada wanda ya zo min da zancen ci gaba a ƙasan rubutun nan, na san filaye sun fi kyau yanzu, na san 'yan wasa sun fi samun albashi. Ba shi na tambaya ba. Tambayata ita ce me aka ba Barrow da Workington da Rochdale a madadin abin da aka ƙwace musu, kuma me ya sa aka jira har 2019 kafin a ƙirƙiro musu Kofin 1895, wanda ba a barin manya su shiga, balle ƙarami ya samu damar kunyata babba.

Knowsley Road ma yanzu gidaje ne, Central Park, filin Wigan, kuwa kantin Tesco ne tun bayan 1999. Kuma tunda an zo kan Wigan, don Allah wani ya yi min bayanin mutanen da ke tura fanken nama sukutum a tsakiyar burodi su ce abinci ne, har da gasar cinsa duk shekara. Wa ya san inda ake samun na halal a can? Yarana sun dame ni sai sun ɗanɗana.