Lasifikar da Ke Saurare Ba a Kira Ta Ba

Abin da ke ba ni haushi game da ƙaramar lasifikar nan mai amsa umarni shi ne yadda aka yi mata murya mai taushi, kamar ta ƙanwa mai ladabi, har mutum ya manta cewa makirufonta a buɗe yake dare da rana yana jiran kalmar da za ta tashe ta. Jiya da daddare ina tsaka da zancen bashi da maigidana sai fitilarta ta haska, ta ce ba ta fahimci tambayar ba, alhali babu wanda ya kira ta. Muka yi tsit, kamar waɗanda aka kama suna gulma, kuma a cikin ɗakinmu.

Zargin nawa yana da tushe. A shekarar 2019 aka bankaɗo cewa ma'aikatan Amazon suna sauraron wasu muryoyin da Alexa, manhajar da ke amsa umarni a lasifikokin kamfanin, ta naɗa, wai don a inganta fahimtarta. A 2023 kuma kamfanin Ring, mallakin Amazon mai kyamarorin bakin ƙofa da na cikin gida, ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon bidiyon cikin gidajen mutane, har da ɗakunan kwana.

Ƙarin takaicin shi ne mai gida kaɗai ya danna alamar amincewa, amma maƙwabcin da ke wucewa da ɗan aiken da ya ƙwanƙwasa ƙofa babu wanda ya nemi izininsu, ga shi kuwa fuskokinsu suna ajiye a rumbun wani kamfani.