Hatimin Sarki Bai Wanke Jinin Nabot Ba

Ƙannena matasa, musamman ku da kuka shiga dillancin fili da ku masu karatun lauya, yau da ku nake, kuma maganar ba mai daɗi ba ce.

Kwanan baya wani yaro a ikilisiyarmu ya zo yana nuna mini takardun gonar da ya sayar a bayan gari. Ta baffansa ce da ya rasu. Matar marigayin tana nan da ranta da 'ya'ya mata uku, kuma a gonar suke noma abin da suke ci. Na tambaye shi ko ta san da cinikin, sai ya ce ai komai a kan ƙa'ida aka yi, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu sun dangwala, lauya ya buga hatimi. Yana faɗa yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Tun ranar labarin Nabot bai bar raina ba.

Kun san shi, 1 Sarakuna sura 21. Sai dai a makarantar Lahadi an koya mana shi kamar tatsuniyar muguwar mata, muka zagi Yezebel matar Sarki Ahab muka tashi. Ku koma ku karanta a hankali. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Tayi ya yi mai kyau: ko ya ba Nabot gonar inabi da ta fi tasa, ko ya biya kuɗi, don yana so ya yi lambu kusa da fadarsa a Yezreyel. Nabot ya ƙi, ya ce gādon kakanninsa ne. Sarki ya koma gida ya kwanta ya juya fuska, ya ƙi abinci. Ita kuwa Yezebel ba ta aika dogarai da dare ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan gari. Aka yi shelar azumi, aka zaunar da Nabot a gaban jama'a, aka kawo shaidu biyu, daidai adadin da shari'ar Musa ta nema kafin a yanke hukuncin kisa. Suka ce ya zagi Allah da sarki, aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Hatimi, dattawa, shaidu, zaman shari'a, har da ibada, babu abin da ya ɓace a fayil ɗin. Amma da annabi Iliya ya iske Ahab a cikin gonar, bai nemi ganin takarda ba. Abin da ya tuhume shi da shi biyu ne, kisa da cin gādo.

Masana shari'a ma sun daɗe da gano wannan. A 1927 wani malamin falsafa a Amurka, Morris Cohen, ya yi bayanin cewa mallaka ba alaƙa ce tsakanin mutum da abu ba, iko ne da doka ta ba wani a kan sauran mutane, ikon ya ce musu kada ku taka nan. Wato duk takardar fili da ka riƙe, akwai wanda ta kora. Tambayar da ta dace kullum ita ce wa ta kora, kuma ina ya nufa.

Ku da kuke taƙama da takardar C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, ku duba tushenta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke shi idan ya ce don amfanin jama'a ne. Diyyar ma ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar ba. To wanda shi kansa baƙo ne a idon doka, da wane ƙarfin hali yake korar gwauruwa?

Littafin Firistoci sura 25 ya riga gwamna faɗin haka, ya kuma fi shi zurfi. A aya ta 23 Ubangiji ya hana a sayar da ƙasa har abada, domin tasa ce, mutane baƙi ne a wurinsa. Kowace shekara ta hamsin gona takan koma ga danginta, saboda haka ake lissafta kuɗinta da yawan girbin da ya rage. Ba ina cewa ku je ku ƙwato filin da kakanku ya sayar da yardarsa ba, wannan wasa da Nassi ne. Abin lura shi ne an kafa dokar don kada talaucin shekara ɗaya ya raba iyali da abincinsu har jikoki.

Akwai wata dabara da ta fi ba ni haushi. Na sha jin samari suna jawo kalmar Nabot, gādon kakannina, don su hana 'yan'uwansu mata rabo. Kai, ka ji tsoron Allah! Buɗe Littafin Ƙidaya sura 27. 'Ya'yan Zelofehad su biyar, duka mata, ubansu ya mutu ba ɗa namiji, suka tsaya a gaban Musa da shugabanni suka nemi rabonsa. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, amsa ta zo cewa gaskiyarsu ce, aka kuma mai da hukuncin doka ga Isra'ila duka. Kotun Ƙolin Najeriya ma a 2014, a shari'ar Ukeje, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Wanda ya fake da Nabot don ya cinye rabon ƙanwarsa, a gefen Ahab yake tsaye bai sani ba.

Yaron nan na ce masa ya mayar da kuɗin kafin mai saye ya zuba bulo, ni zan raka shi wurin matar baffansa. Ya ce ya riga ya taɓa kuɗin, ya sayi babur. Na ce to a fara da sayar da babur ɗin. Har yanzu bai dawo mini da amsa ba, damina kuwa ta kusa, matar tana tambaya ko ta yi sharar gona.