Wai Taekwondo Ba Wasa Ba Ne?

Na gaji da halin gidan kallon unguwarmu a Garwa duk lokacin gasar taekwondo ta duniya. Da zarar an fara, sai wani ya ce a mayar da ƙwallo, ko da maimaicin wasan bara ne, wani kuma ya rantse karate ne, alhali taekwondo wasan faɗa ne na Koriya, karate kuwa na Japan. Shin turmi uku na minti biyu-biyu zai hana gari wayewa? Ranar da Alfaga na Nijar ya ci zinare a 2017, ba su ne suka cika mu da bugun ƙirji ba? Jiya kuma, ɗan wasa na ɗaga ƙafa zai kai bugun kai mai maki uku, sai wuta ta ɗauke, mai janareto ya ce fetur ya ƙare!