Ga ƙannena masu cewa “duk shiri ne”

Ƙannena, samari da ’yan mata, Allah ya yi muku albarka. Akwai wata ɗabi’a da na ga tana bin ku kamar wutar daji, kuma da yake ni ma na taɓa yin ta har ta bar mini tabo, ba zan iya zuba ido in yi shiru ba. Ita ce ɗaukar cewa duk wanda ya saɓa wa likitoci ko masana ko gwamnati shi ne mai ido a buɗe, sauran jama’a kuwa tumaki ne ake kora.

Kwanan baya a majalisarmu, bayan isha’i, wani ƙanena ya kunna mana saƙon murya na WhatsApp, kusan minti tara. Wani mutum ne mai zaƙin baki yake ta rantsuwa cewa sabon irin waken da ake sayar wa manoma an yi shi ne don a kashe mana ƙasa, a kuma hana mu haihuwa. Na ce masa wane ne mai maganar? Ya ce wani babban likita ne. Na ce a wane asibiti? Ya ce, “Haba Yaya, ai irin waɗannan ba sa bayyana kansu, kashe su za a yi.” Jama’a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa sai na ji kamar an ɗauke ni an mayar da ni shekarar 2003.

Ba zan raina muku hankali in ce zargin da ke zukatanku ba shi da asali ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Najeriya, ta kashe mutum sama da 11,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda muke kira Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba da shi. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da ’ya’yansu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle.

Sai dai ku lura da yadda asirin ya tonu. ’Yan jaridar Washington Post ne suka bi sawun maganar suka buga a ƙarshen shekarar 2000, da sunaye da takardu. Lauyoyi suka ɗauka, aka je kotu a nan da can Amurka, iyaye suka fito da fuskokinsu suka yi magana. Duk wanda ya yi zargin ya sa sunansa a kai, ya kawo abin da za a iya dubawa a ƙaryata shi in ƙarya yake yi.

A 2003 kuma sai maganar ɗigon rigakafin shan inna ta taso. Aka ce an zuba masa maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Masu faɗin haka ba ’yan tasha ba ne, har da likita a gaba-gaba, Dakta Ibrahim Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari’a. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran suka koma da wuri, Kano ta yi kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 ta dawo, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A wata na goma na shekarar Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa ’yar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama’a. To amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cutar ta tsallaka daga nan ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman, har ita kanta Indunusiyar. A 2006 yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun haura dubu. Guba kuma in ta shiga zukata ba ta fita da sanarwar gwamnati: a Fabrairun 2013 ’yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai a 2016 aka ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe, a Borno, sai kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Ni ina cikin samarin da suka tsaya a ƙofar gida a waccan shekara suna korar matan nan masu ’yar akwatin ƙanƙara da alli. Ji nake ina jihadi. Har maƙwabta nake bi ina yi musu huɗuba. Akwai yaron da aka haifa a layinmu a lokacin, yau ya zama magidanci, da keken guragu yake zuwa kasuwa yana murza shi da hannu. Ba zan ce ni na jawo masa ba, Allah ne masani. Amma duk ranar da ya gaishe ni, “Baba ina kwana,” sai na ji harshena ya yi nauyi. ’Yan matan da aka ɗiga wa maganin a shekarun nan kuwa, waɗanda muka rantse ba za su haihu ba, yau ga su nan da goyo, wasu da uku wasu da huɗu. Ban taɓa jin ɗaya daga cikinmu ya tara jama’a ya ce ya yi kuskure ba. Mun dai yi shiru mun koma wata gardamar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a cikin hayaniyar nan akwai tambaya mai kyau da iyaye suke yi. Suna cewa: ƙyanda na kashe mana yara, zazzaɓin cizon sauro na kashe su, mu je asibiti a ce mu sayi komai har safar hannu, amma wannan ɗigon kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta, don me? Wannan tambaya tana da amsa, kuma ta yi aiki. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da allurar ƙyanda da maganin tsutsar ciki da gidan sauro, aka jawo sarakuna da malamai cikin tafiyar. Tambayar da za a iya amsawa ta gyara tsari. Zargin da ba ya karɓar kowace amsa shi ne ya gurgunta yara.

Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa mini: ai sau nawa masana suka taru a kan kuskure, mutum ɗaya ya fito ya kayar da su? Gaskiya ne, kuma bari in ba ku misalin da ya fi naku. Shekaru da yawa likitocin duniya sun yarda cewa damuwa da yawan sinadarin narkar da abinci ne ke kawo gyambon ciki, wanda muke kira olsa. Mu nan ma har gobe cewa muke yi yunwa ce. A farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce ƙwayar cuta ce da ke zaune a tumbi. Aka yi musu dariya, aka ce wace halitta ce za ta rayu a cikin wannan tsami? A 1984 Marshall ya noma ƙwayar a ɗakin gwaji, ya ɗaga ya shanye. Cikin kwanaki ya fara amai, aka zura masa na’ura aka ga tumbinsa ya kumbura, ga ƙwayar nan. Wasu likitocin a wasu ƙasashe suka maimaita binciken suka ga haka ne, aka canza yadda ake maganin olsa a duniya, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ku dubi wanda ya sha kofin. Shi ya sha da bakinsa, bai ba ɗan maƙwabci ba. Ya kuma faɗi abin da in an gwada aka ga saɓaninsa, maganarsa ta rushe.

Ku ajiye wannan kusa da Thabo Mbeki, wanda ya mulki Afirka ta Kudu daga 1999 zuwa 2008. Mutum ne mai karatu, ba wanda zai kira shi jahili. Ya ci karo da rubuce-rubucen wasu tsirarun masana, cikinsu har da wani farfesa na jami’ar Kalifoniya, Peter Duesberg, masu cewa ba ƙwayar HIV ce ke kawo ƙanjamau ba. Maganar ta yi masa daɗi, don ta dace da haushin da yake ji na yadda Turawa ke kallon baƙar fata, kuma haushin nan ma yana da dalili. Gwamnatinsa ta yi ta jan ƙafa wajen raba maganin rage kaifin cutar, ministar lafiyarsa tana tallar tafarnuwa da lemon tsami. Masu bincike na jami’ar Harvard sun ƙiyasta cewa wannan jinkiri ya ci rayuka sama da 330,000. Shi ma ya saɓa wa taron masana kamar Marshall, yana kuma da farfesansa. Saboda haka in kun ce mini “wani farfesa ya ce”, ba ku gaya mini komai ba tukuna.

Mu da muka gaji ilimin hadisi bai kamata a koya mana wannan ba. Malamanmu ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma in an samu wanda ba a san ko wane ne ba a cikin sarƙar, sai su ajiye ta ko da ta yi daɗin ji. An kuma ce mana ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Amma yau ɗalibin da zai yi maka gardamar ingancin ruwaya na awa guda, shi ne zai tura saƙon “wani babban likita” zuwa zaure goma kafin ya gama saurare.

Mu koma kan waken. Sunansa SAMPEA 20-T, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami’ar Ahmadu Bello da ke Samaru aka samar da shi, aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don ya kashe tsutsar nan mai cinye fure da kwanson wake, wadda ke sa manomi ya yi feshi sau shida ko takwas a damina. Masu shi sun ce feshi biyu ya isa. To ga fili ga mai doki. Wannan magana ce da manomi zai iya gwadawa: kunya goma na wannan, kunya goma na wanda ya gada, ya ƙirga feshi, ya auna kwano, ya ajiye iri ya shuka baɗi ya ga ko zai tsiro. Akwai kuma tambayoyin da ya kamata ku matsa a kansu. Wa ke riƙe da irin, kuma nawa zai koma nan da shekara biyar? Hukumar da aka kafa a 2015 don sa ido kan irin waɗannan tsirrai tana da kayan aiki da ’yancin da za ta ce a’a? Me ya sa mai saye a Dawanau ba zai san wane wake yake aunawa ba? Me zai faru da irin kakanninmu in kowa ya watsar? Wanda ya ƙi shuka shi saboda bai gamsu da amsoshin nan ba, ina girmama shi. Wanda ya ce yana hana haihuwa, ya kawo mini ko akuya ɗaya da ta ci harawarsa ta daina haihuwa.

Kada kuma ku ɗauka ina cewa ku yi wa gwamnati shiru. A harkar manufa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Babban Bankin Najeriya ya sanar da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, waɗanda suka ce za a sha wuya a ƙauyukan da ba banki ba intanet su ne suka yi gaskiya, duk da masu kwat sun ce ba su fahimci tattalin arziki ba. Mun ga layi a bakin bankuna, mun ga mai tumatur yana kallon kayansa suna ruɓewa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, a Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. A nan abin da idonka ya gani a kasuwa hujja ne. Amma abin da ke cikin kwalbar magani, idonka ba ya ganinsa, jin zuciyarka kuma ba ya auna shi.

A daren da ya kunna mana saƙon muryar nan na tambayi ƙanen nawa abu ɗaya: me za a nuna maka ka yarda mutumin nan ƙarya yake yi? Ya yi shiru, can ya ce ai duk abin da za su nuna, su suka shirya shi. Na ce masa to ni ma amsar da na bai wa wata ma’aikaciyar rigakafi ke nan a ƙofar gidanmu, tana tsaye da akwatinta a rana. Na roƙe shi ya nemo mini sunan likitan da asibitinsa, ni zan biya kuɗin mota mu je mu same shi. Ya ce zai tambayi wanda ya turo masa. Shi kuma wancan ya ce a wani zaure ya gani, kuma an riga an goge.