A koya wa ɗaliban lafiya rubuta tafiya kamar yadda suke rubuta ƙwaya

"Hajiya, ki riƙa motsa jiki." Sau da yawa da wannan ake sallamar mai hawan jini ko ciwon suga. Ƙwaya an faɗi adadinta, safe da yamma, bayan cin abinci. Motsin kuwa ba a ce wane iri ba, balle minti nawa. Hajiya ta ce to, ta hau keke napep ta koma gida.

Ban ga laifin malamin asibiti ba, abin da aka koya masa yake yi. Tun a aji ya kamata a yi gyaran, musamman a kwalejin kiwon lafiya ta Jega da makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kebbi, domin ɗalibansu ne mutanen karkara ke fara gani kafin likita.

Ma'aunin a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato minti 30 sau biyar, irin tafiyar da numfashi zai ɗan hau amma baki na iya hira. Alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa cika wannan.

Haddar lambar ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne daidaita ta da mutumin da ke gabanka. Manomin shinkafar da ya yini a fadamar Argungu ba ya bukatar wannan huɗuba. Mai shagon da ke zaune daga hantsi zuwa magariba fa? Ko uwargidan da inji ya ɗauke mata daka, kuma fita sai da dalili? Ita a tsakar gida za a tsara mata nata. Dattijo ba zai sa gajeren wando ya bi titi da gudu ba, ya san abin da unguwa za ta ce, amma zai yarda ya taka zuwa masallaci mai ɗan nisa da asuba, kafin zafin Afrilu ya sauko. Mai suga kuma a gargaɗe shi ya sa takalmi, ya duba tafin ƙafarsa kullum.

Za a ce manhajar karatu ta cika. Gaskiya ne, amma ɗalibi abin da zai fito a jarrabawa yake karantawa. A zaunar da shi gaban majinyaci a gwajin aiki, a ba shi maki kan tsarin tafiyar mako guda da ya rubuta masa a kati.