Kafin ka tura saƙon, kafin ka zagi mai tambaya

'Yan'uwana matasa, annobar korona ta lafa, amma halin da ta bar mana yana nan daram. Mun rabu gida biyu: masu ganin maganar hukuma ba ta da gyara, da masu ganin duk abin da ya fito daga bakin likita makirci ne. Kowane ɓangare yana yi wa ɗayan kallon wawa.

Bari in fara da ku masu cewa "a rufe bakin masu jita-jita, a huta". Ku tuna da Li Wenliang, likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin. A ƙarshen Disamban 2019 ya gargaɗi abokan karatunsa likitoci cewa wata cuta mai kama da SARS, wata mummunar cutar numfashi da aka taɓa fama da ita, ta ɓulla. 'Yan sanda suka kira shi, suka ajiye masa takardar gargaɗi kan yaɗa jita-jita, ya sa hannu, ya dangwala yatsa. Ya koma bakin aiki, cutar ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 2020. Haka Facebook: a Fabrairun 2021 ya fara goge rubutun masu cewa ɗan Adam ne ya ƙirƙiri ƙwayar cutar, a watan Mayu kuma ya janye dokar. To, wanda aka goge wa rubutu a Maris, me za ka ce masa a Yuni? Ba zai sake yarda da kai ba, ko da ranar da gaskiya ke hannunka. Sai ya koma wani zauren da ba mai musa masa, can ake cusa masa abin da ya fi na farko muni.

Ku kuma masu cewa "ai sun yi mana ƙarya", kar ku yi saurin tafi. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara cewa mai lafiya ba ya buƙatar takunkumin fuska, sai a Yunin 2020 ta sauya. Gaskiya ne mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa bincike kan amfani da maganin hydroxychloroquine ga masu korona a Mayun 2020, ta janye shi cikin mako biyu da aka kasa tantance bayanansa. Amma ku lura, ta janye, a bainar jama'a. Yaushe mai saƙon muryar da ka tura wa mutum hamsin ya taɓa dawowa ya ce ya yi kuskure? A Iran, sama da mutum 700 suka mutu cikin 'yan watannin farkon 2020 sakamakon shan barasa mai gubar metanol, lokacin da ake yaɗa cewa barasa na kashe cutar. A Birtaniya an ƙona turakun sadarwa saboda labarin ƙanzon kurege cewa fasahar sadarwar waya ta 5G ce ke yaɗa cutar. Wanda ya guje wa likita ya faɗa hannun waɗannan, ya gudu ne bai tsira ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da tambaya laifi. Mutum ya ce yana tsoron allurar rigakafi, a rufe shi da zagi. Alhali a Afrilun 2021 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai da kanta ta sanar cewa rigakafin korona na kamfanin AstraZeneca na da alaƙa da wani irin daskarewar jini da ba kasafai ake samunsa ba, ta kuma ce amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Masu bibiyar illar magani ne suka gano hakan, ƙasashe da dama suka taƙaita shi ga masu manyan shekaru.

Don haka idan ɗan'uwanka ya zo da shakkunsa, ka faɗa masa ɓangarorin biyu, har da wanda bai yi maka daɗi ba. Ka tambaye shi wa ya faɗa, yaushe, kuma me mai maganar yake sayarwa. In ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ce masa ba ka sani ba, ku je wurin likita tare.