Ke da Kika Tsira, Akwai Mai Jiran Ki a Kan Benci

Ranar da likita ya ce min an gama jinyar sankarar mama, ba sauran kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara), ba sauran gashin na'ura (ƙona ƙwayoyin sankara da haske), na ɗauka da tsalle zan fito. Sai ga ni na koma gida na ja ƙofa. Wata takwas ina ƙunshe a ɗaki. Ko kaina ya sara sai in ce shi ke nan, ta dawo. In na shiga wanka kuwa, sama nake kallo har in gama, don kada idona ya faɗa kan tabon. 'Yar'uwa, in halin da kike ciki ke nan, da ke nake.

Ba na raina gajiyarki. Na san yadda kemo ke barin yatsu da dindiris, da mantuwar da za ki shiga ɗaki ki rasa abin da ya kawo ki. Wasunmu za mu sha tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar ciwon, shekara 5 zuwa 10, ga zafin jiki ga gumin dare. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata kuma kullum tana kaffa-kaffa da hannun nan saboda kumburi. Duk na yarda. Amma fisabilillahi, wannan wuyar duka kin sha ta ne don ki zauna kina gadin ciwo? Tashi ki taka. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da likitoci ke faɗa, tana rage wannan kasalar fiye da kwanciya. Ki koma aikinki ko karatun da kika ajiye, ki sa kayan da kike so.

Ni abin da ya fito da ni, wata nas ce ta roƙe ni in yi magana da wata mata da ta ƙi yarda a yi mata tiyata. Na same ta a kan benci, ta ninke takardar sakamakon gwaji ta sake ninkewa har ta fara yagewa. Na zauna ban ce uffan ba. Can ta ce, "Wai da gaske an cire miki?" Na ja ta bayan labule na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa, ta ce, "Gashin kanki fa?" Na zame ɗankwali. Ta yi dariya hawaye na zuba. Ranar ce ni ma na fara kallon tabon nan da kyau.

Ashe ba yau aka fara ba. A 1952 wata Ba'amurkiya, Terese Lasser, bayan an cire mata mama ta shiga ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta a asibiti. Daga nan shirin Reach to Recovery ya samo asali, kuma a 1969 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta karɓe shi. Likita ya san ciwon, amma bai taɓa kwana da shi ba.

Masu jiran kuma suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari na kai shekara biyar bayan gano ciwon, a wasu wurare ko rabi ba sa kaiwa, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin manyan dalilai. Mace za ta ji ƙullutu ta ce ai ba ya ciwo. To, nawa ma bai yi ciwo ba. Ki gaya musu yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwaji kaɗai ke rabewa. Kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi rami-rami, duk a je a duba. Maza ma tana kama su, kusan mutum ɗaya a cikin ɗari na masu ciwon.

A watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, kowa zai maƙala kyallen nan ruwan hoda a ɗauki hoto. Ba laifi. Sauran wata goma sha ɗayan ne ake neman mutane a rasa.

Sai dai ki kiyaye, aikin sa kai bai mai da ke likita ba. Sankarar mama iri-iri ce, maganin da ya yi miki ba lallai ya dace da ita ba, kada ki kuskura ki sa ta ajiye nata. Ban da labarin wance da ta rasu, ban da "ai ni ko amai ban yi ba". Sirrinta amana ne, kada ya bi ki gida, balle Facebook. Kuma wata da kika riƙe wa hannu za ta tafi ta bar ki. Ranar ki yi kukanki, ki huta, ba wanda ya ce dole ki fito gobe. Ranar ganin likitanki kuwa ba a ɗage ta saboda hidimar kowa.

Ranar da za ki koma a duba ki, ki je da wuri. Ki samu nas ɗin da ke kula da sababbin zuwa, ki bar mata lambar wayarki, ki ce in an samu wadda tsoro ya hana ta sa hannu, a kira ki.